Hatimin Sirri a Kan Takardun Gwamnati: Ma'auninsa da Iyakarsa a Dokokin Nijeriya

Gabatarwa

Babu gwamnatin da za ta iya tafiyar da harkokin tsaro ba tare da ta killace wasu bayanai ba, domin idan shirin kai farmaki a kan 'yan bindiga ko sunan mai tsegunta wa jami'ai labari ya fita kafin lokacinsa, rayuka ne za su salwanta. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa girman illar da fitar bayani za ta haifar shi ne ke halatta ɓoye shi, hatimin da aka buga a bangon fayil kuwa alama ce kawai, kuma wannan shi ne matsayin doka ko da yake al'adar ofisoshi ba ta bi sahu ba tukuna.

Matakan Sirri a Aikace

Sanya wa takarda matakin sirri na nufin a ƙayyade waɗanda aka yarje wa ganinta, da yadda za a adana ta, da hanyar da za a aika da ita. Aikin gwamnati a Nijeriya ya gaji matakai huɗu daga tsarin Ingila, wato babban sirri, da sirri, da na amana, da wanda aka taƙaita yaɗa shi. Shi ya sa ake samun ɗakin rajista biyu a ma'aikata, buɗaɗɗe da na sirri, inda fayil mai hatimi ke kwana a cikin kabad ɗin ƙarfe, ba ya kuma fita sai a ambulan liƙaƙƙe, wanda ya karɓa ya sa hannu a littafin masinja. Ma'aikaci kan yi rantsuwar riƙe sirri, amma muƙami kaɗai ba ya ba shi damar buɗe kowane fayil, sai wanda aikinsa ya wajabta masa sani.

Dokar 1962 da Dokar 2011

Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta miƙa bayanin sirri ga wanda ba a ba shi izini ba, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Sai dai ma'anar da ta ba bayanin sirri tana da sharaɗi biyu a haɗe: ya zama tsarin da gwamnati ke amfani da shi ya hana bayyana shi, ya kuma zama bayyana shi zai cutar da tsaron Nijeriya. Raunin dokar shi ne ba ta yanke wa'adin da sirri zai ƙare ba, ta kuma bar tsara matakan a hannun hukumomi, abin da ya sa aka wayi gari ana buga hatimin sirri har a kan takardun kwangila da na alawus, waɗanda fitarsu ba ta taɓa tsaron ƙasa, sai dai ta taɓa wanda ya ci amana.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta sauya ma'aunin. Ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar mai nema, sashe na 28 kuma ya fayyace cewa kasancewar takarda mai hatimin sirri ba ya hana a fitar da ita, dole ne jami'i ya duba ko abin da ke ciki ya faɗa cikin keɓantattun da dokar ta lissafa, kamar tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje a sashe na 11. Ko a nan ma, idan amfanin jama'a ya rinjayi illar, ba a yarda a hana ba. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu, kuma a kan hukumar ne nauyin kafa hujja ya rataya.

Darasi Daga Amurka

Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 13526, wanda Barack Obama ya fitar a 2009, ya tsara matakai uku, ya kuma ɗaure kowanne da girman illar da jami'i zai iya bayyanawa. Ya wajabta a nuna a jikin takarda wanda ya sanya mata matakin, da dalilinsa, da lokacin da za a cire shi, sannan takardun da ke da darajar tarihi sukan buɗe da kansu bayan shekara 25 in ba an keɓe su ba. Ya kuma haramta amfani da sirri don rufe karya doka, ko sakaci, ko gudun jin kunya. Duk da haka masana a can suna kokawa da yawan ɓoye abin da bai cancanta ba, wanda ke nuna cewa rubuta ƙa'ida ba ya wadatarwa sai da mai sa ido.

Kammalawa

Ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara dokar 1962 ta yadda kowane hatimin sirri zai zo da sunan jami'in da ya buga shi, da dalili, da wa'adi, a kuma horar da ma'aikatan rajista a kan sashe na 28 na dokar 2011. Ta haka ne za a kare sirrin da rayukan sojoji suka dogara a kansa, a kuma daina hana talaka sanin yadda aka kashe dukiyarsa.