SHAIDAR ZUR: YADDA MAI KISA YA SA AKA RATAYE MAƘWABCINSA

'Yan uwa, jawabin yau a kan wani mutumin Ingila ne, John Christie, wanda ya kashe aƙalla mutum takwas a gida guda, kuma ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaidar da ta sa aka rataye marar laifi.

An haife shi a 1899 a yankin Yorkshire. An sha ɗaure shi: a 1921 saboda satar takardun kuɗi lokacin yana aikin gidan waya, a 1929 kuma saboda ya rotsa wa wata mata kai. Duk da haka, da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, sai aka ɗauke shi ɗan sandan wucin gadi, ba wanda ya waiwayi tarihinsa. Wato dai an ba kura ajiyar nama.

Yana zaune ne a ƙasan wani bene, lamba 10, Rillington Place, a birnin Landan. A nan ya shaƙe wata budurwa, Ruth Fuerst, a 1943. A 1944 ya yaudari Muriel Eady cewa yana da maganin ciwon ƙirjinta, ya shaƙa mata iskar gas, sannan ya maƙure ta. Duk biyun a bayan gidan ya binne su.

To, a 1948 wani direba, Timothy Evans, wanda ko karatu bai iya sosai ba, ya kama haya a saman benen da matarsa Beryl. A ƙarshen 1949 aka tsinci gawar matar da ta jaririyarsu Geraldine a ɗakin wanki na gidan. Evans ya ruɗe, ya yi ta canza magana, har ya amsa laifi a hannun 'yan sanda. Daga baya ya janye, ya ce Christie ne. Amma wa zai saurare shi? Ga tsohon soja, tsohon ɗan sanda, mai taushin murya, shi ne babban mai shaida. 'Yan sanda sun shiga bayan gidan, ba su ma lura da ƙashin cinyar mutum da aka tokare shinge da shi ba. Ranar 9 ga Maris, 1950 aka rataye Evans a kurkukun Pentonville.

Da Christie ya ga ya sha, sai ya ci gaba. A Disambar 1952 ya kashe matarsa Ethel, ya tura gawar ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki. A farkon 1953 ya ƙara da mata uku, ya cusa su a wani lungu na ɗakin girki, ya liƙe da takardar bango. Bayan ya bar gidan, wani ɗan haya ya zo kafa abin ɗora rediyo, sai ya ji bangon ba ciki. Nan asiri ya tonu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ya amsa cewa shi ya kashe Beryl. Ranar 15 ga Yuli, 1953 aka rataye shi, a kurkukun da aka rataye Evans, kuma a hannun haunin da ya rataye Evans, Albert Pierrepoint. Sai a 1966 hukuma ta yi wa Evans afuwa, bayan ya shekara 16 da mutuwa. Wace riba afuwar ta yi masa?

'Yan uwa, abin lura a nan shi ne, an yarda da Christie ne saboda kakinsa na da da iya bakinsa, an ƙaryata Evans saboda talaka ne marar ilimi. Don haka in aka kira ɗayanku shaida, ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai. In aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, kada ya ɗauki dutse don ya ga jama'a sun ɗauka. Mai nuna yatsa ma a bincike shi. Dukiya in an ƙwace ana iya mayarwa, rai kuwa in ya fita ya fita ke nan.