Matar da aka yi wa duka: aikin wa ne ya karɓe ta?

(Jawabin da wakilinmu ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Kore Mairuwa)

Iyayena sarakuna da malamai, alhazai, ƴan'uwana ma'aikata.

Idan mace ta fito daga ɗakin mijinta cikin dare da kumburarren ido, kowa a nan Arewa ya san inda za ta nufa: gidan iyayenta, sannan ƙofar maigari. A ba ta haƙuri, a ja wa mijin kunne, a mayar da ita. Ba na raina sulhu. Doka ma ta ba sarakunanmu ikon yin sa. Sai dai sulhu ba ya ɗora karaya, kuma da an watse babu mai komawa bayan mako ya duba halin da take ciki. Wannan komawar aiki ce, tana bukatar wanda ya koye ta, ake kuma biyan sa.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a, irin wanda makarantar ENSP ta Yamai ke horarwa, shi ne zai saurari matar a keɓe ba tare da ya tambaye ta laifin da ta yi ba. Shi zai kai ta likita ta samu takardar shaidar rauni, domin ba tare da ita ba ƙara ba ta da ƙarfi gaban jandarma ko alƙalin Dogondutsi. Idan fyaɗe ne, ya san cewa maganin kariya daga sida ba ya amfani bayan awa 72. Ya san hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa hali a kotu. Uwa uba, ya iya riƙe sirri, abin da ya fi kome wuya a garin da kowa ya san kowa.

Kada ku ce abin bai kai haka ba. A binciken lafiya na ƙasa na 2012, kusan mata 6 cikin 10 sun ce miji na da hujjar dukan matarsa kan wani dalili. Ƴan siyasa kuwa, tun bayan zanga-zangar mata ta 13 ga Mayu 1991, kewaya zancen suke yi: kundin dokar iyali bai taɓa fitowa ba, a 2006 majalisa ta ƙi yarjejeniyar Maputo. Dukan mutum dai laifi ne a dokar Nijar, ko mijinta ne ya yi shi.

Ku tuna Hadijatu Mani ta yankin Ƙonni, wadda aka sayar tana shekara 12 aka yi wahaya da ita. A 2008 kotun CEDEAO ta umurci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. Ba ita kaɗai ta isa can ba. Ƴan ƙungiyar Timidria da lauyoyi ne suka yi shekaru suna bin takardunta.

Ga roƙona. Ma'aikata, idan ɗiyarku ta samu BEPC ko Bak ta ce wannan aikin take so, kada ku hana ta don ba ya kawo kuɗi kamar aikin duwan. Alhazai, abin da ke tsayar da mace sau da yawa kuɗin mota ne zuwa Dutsi da kuɗin takardar likita. Ku kafa asusu, ku damƙa shi hannun mata biyu amintattu, a riƙa karanta lissafinsa kowane wata a ofishin magajin gari.