Jawabi ga 'Yan'uwa Tsofaffin Ɗalibai: Jarrabawar Makarantar Horon Lauyoyi



Sakatare ya nemi in ce wani abu game da jarrabawar Makarantar Horon Lauyoyi, ganin cewa ƙannenmu da 'ya'yan malamanmu da dama sun kama wannan hanya. Ni dai lauyan gwamnati ne a Ma'aikatar Shari'a, kuma a reshen Bagauda na yi nawa horon a 2014.

Wasu iyaye suna ɗauka da yaro ya karɓi digiri shi ke nan ya zama lauya. To, da saura. Tun da aka kafa makarantar nan da dokar 1962, ba mai tsayawa gaban alƙali da sunan lauya sai ya bi ta cikinta. An fara ta a Legas da ɗalibai 8, yau ga hedkwata a Bwari, ga rassa a Legas, Enugu, Bagauda, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Darussa biyar ne: shari'ar laifuffuka, shari'ar haƙƙoƙi, dokar kamfanoni, dokar filaye da kadarori, da ɗa'ar aikin lauya. Wanda ya faɗi ko da guda sai ya koma ya sake, abokansa kuwa su sa hula da riga su bar shi. Kuɗin makaranta ma kun san ba kowane gida ke iya haɗa shi sau biyu ba.

Abin da ke kayar da yaranmu ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. A jami'a ana tambayarka abin da doka ta ce. A nan kuwa labari za a ba ka, wane ya sayar wa wane gida, a ce rubuta takardar cinikin. Ko a ce ga ɓarawo ga abin da ya sata, rubuta tuhumar. Ka saka sunan kotun da ba ita ke da hurumi ba, ko ka bar gurbin sa hannu, maki ya tafi, komai yawan Turancinka. Wannan ba a haddace shi a daren jarrabawa. Sai hannu ya saba, kamar yadda malamin lissafinmu, ga shi can zaune, ya riƙa tilasta mana aikin allo. Yaro ya rubuta takardar rantsuwa, da wasiyya, da yarjejeniyar haya, kullum guda, da biro, yana duban agogo. Kada kuma ya ce shi ɗan Arewa ne ya tsallake ƙa'idojin babbar kotun Legas, domin ana tambayarsu tare da na Abuja.

Sai maganar tsofaffin takardu. Al'adarmu ce wa ya miƙa wa ƙane littattafansa, amma nawa ba zan ba kowa ba. Bayan fitata an yi dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015. Dokar kamfanoni ta 2020 ta shafe ta 1990. A zamaninmu sai mutum biyu ke kafa kamfani, yanzu mutum guda na iya kafa nasa. Ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi na 2007 su ma an sauya su a 2023. Darussa uku ke nan cikin biyar. Amsar da ta ba ni maki, yau ita za ta kayar da ƙanena.

Akwai kuma watannin da ake tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi. Wasu hutu suke mayar da su, su bayyana ranar sa hannu kawai. Alhali zaman mako guda kusa da rajistaran kotu, kana ganin yadda ake shigar da ƙara da neman beli, ya fi karatun wata a ɗaki.

Roƙona ga shugaba biyu ne. Lauyoyin cikinmu kowa ya karɓi ɗalibi ɗaya a ofishinsa, ya riƙa duba rubutunsa da jan biro. Sannan a cire wani abu daga asusun ƙungiya a sayi sababbin dokokin nan a ajiye wurin sakatare, mai buƙata ya ara. Ni na ɗauki nauyin kwafi biyu na dokar kamfanoni, kuma ana samuna a ofis kowace Alhamis bayan la'asar.