AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ya Sa Kanwa Ba Ta Kashe Ƙwarnafi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Dabai, cikin ƙasar Zuru. Ya ce shekara biyu ke nan, in ya fita gona da sassafe, kafin hantsi sai ƙirjinsa ya ɗauki zafi kamar an zuba garwashi. In ya jiƙa kanwa ya sha sai ya ji sanyi, amma bayan ɗan lokaci abin ya dawo. Yana tambaya, wai me ke kawo haka?

To malam, mun gode, kuma Allah ya ba da lafiya. Ga amsa.

Da farko dai, ruwan tsamin da ke cikin tumbi ba cuta ba ne. Shi ke narka nama da wake, ya kuma kashe ƙwayoyin cuta da suka biyo abinci. Tumbin babban mutum na fitar da wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwan narka abinci a kowace rana. Abin tambaya shi ne, wa ke cewa a fara, wa ke cewa ya isa?

Mutanen Zuru ba sai an koya muku aikin gayya ba, duk wanda ya yi golmo ya san shi. To, haka aikin yake a cikin ciki. Akwai wasu sinadarai 'yan aike, waɗanda likitoci ke kira homon. Tun kana jin ƙanshin miya, jijiya daga ƙwaƙwalwa ta kai labari. Da abinci ya sauka, sai ƙasan tumbi ya saki na farko, mai suna gastirin. Shi ne mai shela. Yana bin jini ya tayar da na biyu, wato histamin, wanda shi kuma kamar makaɗin gayya yake, yana zuga masu zubo tsami su dage.

In da su kaɗai ne, da tumbi ya cinye kansa. Sai Allah cikin ikonsa ya ajiye dattijo na uku, somatostatin. Da zarar tsami ya yi yawa, sai ya tsawata wa mai shela da makaɗi, aiki ya lafa. Na huɗu kuwa yana bakin ƙaramin hanji, sunansa sikiritin. In tsami ya gangaro wurinsa, sai ya sa a kwararo wani ruwa mai kashe kaifin tsamin, ya kuma aika wa tumbi cewa a sassauta. Wannan shi ne homon na farko da aka gano a duniya, a birnin Landan cikin 1902, ta hannun Bayliss da Starling.

Yanzu sai mu dawo kan kanwarka. Gaskiya ne tana kashe tsamin da ta tarar. Amma dattijon nan da tsami yake gane lokacin magana. Da ya ji tsami ya kwanta, sai ya yi shiru, mai shela kuwa ya ci gaba da kira, sabon tsami ya taru. Ka ga an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ban da haka, kanwa dangin gishiri ce, yawan shanta na da haɗari ga mai hawan jini da mai ciwon zuciya.

Ciwon da ya kai shekara biyu kuwa, yawanci akwai abin da ke ƙarƙashinsa. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Marshall da Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori da ke zama a bangon tumbi. An ba su lambar Nobel a 2005. Ƙwayar nan na raunana dattijon, gastirin ya yi yawa, har gyambon ciki ya fito, abin da muke kira olsa. Na biyu su ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen, da ake saya a tire ranar kasuwa a sha bayan an taso daga noma. Suna rage yauƙin da ke kare bangon tumbi. Goro da taba a kan yunwa kuma ƙara wa wutar itace suke yi.

Saboda haka malam, ka sa wani abu a ciki, ko kunu ne, kafin ka ɗauki fartanya. Ka daina shan ƙwayoyin nan barkatai. Ka je babban asibitin Zuru a duba ka. In ƙwayar ce, ana haɗa magani na kimanin mako biyu, sai ka shanye shi duka ko da ka ji sauƙi. Wanda duk ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, kada ya jira wayewar gari, a kai shi asibiti nan take.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.