Jawabi kan likita mai zaman kansa da bashin gina gida



Likitan da ya buɗe asibitinsa a Madawa, wanda mutanen Buza da Kaita ke zuwa wurinsa, idan ya nemi bashin gina gida, abu biyu banki ke tambayarsa: takardar albashi da takardar mallakar fili mai rajista. Ba ya kan albashi, fili kuwa galibi takardar saye kaɗai gare shi. An kafa Bankin Gidaje na Nijar a 2018. To, ya kamata bankuna su karɓi littafin cinikinsa da takardun biyan haraji a matsayin shaida. Haka ma ɗan kasuwa. In ba haka ba, likita zai tattara ya koma Yamai, majinyatanmu su bi hanya.