A Ba Su Aiki, A Biya Su Haƙƙinsu

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin asibiti ya gabatar wa matasa a zaman bayan sallar Isha'i.

Bayan yabo da salati, mai jawabin ya tuna wa 'yan'uwa musibar gubar dalma da ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara a shekarar 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje. Ya ce an ƙirga waɗanda suka mutu, amma waɗanda suka rayu fa? Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya komawa daidai ko da an sha magani. Waɗanda ake goye da su a lokacin, yau samari ne.

Ya ce ba sai an je Zamfara ba. Sanƙarau, zazzaɓin da ya hau kai, doguwar naƙuda, shawarar jarirai, duk sukan bar yaro da raunin fahimta. A kowace unguwa akwai su. Ya ja kunnen 'yan'uwa cewa wannan ba hauka ba ne, jinkirin koyo ne, don haka a daina kiransu dolo ko gaula.

"Mun iya miƙa musu naira hamsin ran Juma'a," in ji shi, "amma wa ya taɓa kai ɗayansu wajen maigidansa?"

Ya ci gaba da cewa akwai dokar hana wariya ga naƙasassu wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati. To amma wanda bai gama firamare ba, da wace takarda zai nema? Ƙofarsa tana gidan burodi, gidan gonar kaji, wurin wankin mota, wato inda akasarin masu sauraro suke aiki.

A nan ya daɗe yana bayani. Ya ce kada a tsaya sai yaron ya ƙware kafin a kai shi, a wurin aikin zai koya. A zaɓa masa abu guda, kamar sa burodi a leda ko jera ƙwai a kiret. A nuna masa da hannu, ba da dogon surutu ba, yau da gobe da jibi, hanya ɗaya ba canji. Ɗan'uwa ɗaya ya tsaya kusa da shi makonnin farko, sannan ya riƙa ja da baya sannu a hankali. Kuma a nisanta shi da bakin tanda da injin niƙa har sai an ga kamun ludayinsa.

Da ya zo kan kuɗi sai muryarsa ta sauya. Ya ce zaluncin da aka fi yi musu shi ne a sa su aikin yini a sallame su da kwanon tuwo, don an san ba su iya lissafi ba. A yanke lada tun farko gaban uba ko wansa, daidai da na kowa a kan wannan aikin, a rubuta, a riƙa bibiya.

Wani ɗan'uwa ya tambaya, in maigida ya ƙi fa? Ya amsa cewa a roƙi gwajin mako biyu kawai, in an yi ɓarna a kan wanda ya kawo shi. Sannan ya nemi kowa ya zo zama na gaba da sunan saurayi ɗaya da shago ɗaya.