Ƙaramar Maɗaba'ar Tarihi a Zariya da Darasinta ga Mutanen Batsari da Safana



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka girme ni, suka kuma fi ni sani. Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikina fayil da wasiƙu, ba malamin tarihi ba ne. Abin da ya sa na zaɓi yin magana a kan buga littattafan tarihi, wani rashi ne da na yi, wanda har yau yake damuna.

Lokacin da nake jami'a, kakana yana da rai a wani ƙauye cikin ƙasar Ruma. Dattijo ne mai riƙe labari. Ya san sunan kowace rijiya da wanda ya gina ta, ya san gidajen da suka fara zama da inda suka fito, yakan kuma ba da labarin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi kamar yadda ya ji daga bakin kakansa. Yana da wata tsohuwar gafaka cike da takardun ajami. Duk hutu nakan ce zan zo da rikoda in ɗauki maganarsa, duk hutu kuma sai in ɗaga zuwa na gaba. A shekarar 2020, da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta, danginmu suka taso cikin dare suka dawo Batsari da kayan jikinsu kawai. Gafakar nan ba a sake ganinta ba. Shi kuma bai yi shekara guda a gudun hijira ba Allah ya yi masa rasuwa. Abin da ya rage a hannuna shi ne 'yan guntayen labarai da ni kaina ba na iya jera su daidai.

Wannan ne ya sa na koma na duba yadda wasu suka yi suka tsare nasu ilmin, kuma misalin da ya fi kusa da mu yana Zariya.

Asalin labarin wani Bature ne mai suna H.F.C. Smith, wanda aka haifa a Ingila a 1920. Ya koyar a Sudan, sannan ya zo Ibadan a 1955. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shi ne ya kafa sashen tarihi. Daga baya ya musulunta, ya zama Abdullahi Smith, ya kuma karɓi zama ɗan Nijeriya. A 1970 ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan marigayi Sardauna, domin adana takardu da yin bincike. Babban abin da ya koya wa ɗalibansa shi ne kada su karɓi labari don kawai an daɗe ana faɗinsa, ko don Bature ya rubuta shi. Su je su ga wurin, su karanta takardun Larabci da na ajami, su zauna da tsofaffi, sannan su auna. Ko labarin Bayajida, wanda dukanmu muka haddace a firamare, sai da ya sa shi a ma'auni, ya nuna cewa bai isa ya bayyana yadda daulolin ƙasar Hausa suka kafu ba.

Ya rasu a 1984. Rubuce-rubucensa kuwa suna warwatse, wasu a mujallun masana, wasu takardun taron ƙara wa juna sani ne da aka buga da keken rubutu aka gurza. Ɗalibansa da abokan aikinsa suka ga idan suka zuba ido, aikin zai bi iska. Sai suka kafa wata cibiya a Zariya da sunansa, wato Cibiyar Binciken Tarihi ta Abdullahi Smith, kuma a 1987 ta fitar da tarin rubuce-rubucensa a littafi mai suna A Little New Light. Ku lura da shekarar, ita ce shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, littafin da aka buga a waje ya fi ƙarfin malami balle ɗalibi.

To, su wane ne ma'aikatan wannan cibiya? Jigonta namu ne, Bakatsine, Dokta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa a 1945. Ya yi digirinsa na uku a kan tarihin Katsina, aka buga shi littafi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina. Don ya rubuta shi, sai da ya zaga garuruwa da ƙauyuka na ƙasar Katsina da na Jamhuriyar Nijar yana hira da dattawa. Tare da shi akwai malaman tarihi irin su George Kwanashie da Alkasum Abba. Dukansu malaman jami'a ne masu ajujuwa da ɗalibai, aikin cibiyar ƙari ne a kan nauyin da ke kansu. A shekarun 1990 kuma Bala Usman da abokansa suka kafa cibiyar CEDDERT a Zariya, wadda a shekarar 2000 ta buga The Misrepresentation of Nigeria, littafin da ya rubuta tare da Alkasum Abba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya. Bala Usman ya rasu a watan Satumba na 2005. A 2006 cibiyar nan da ya taimaka aka kafa don malaminsa, ita ce ta tattara nasa rubuce-rubucen ta buga su da sunan Beyond Fairy Tales. A 2007 kuma ta fitar da littafin Alkasum Abba a kan jam'iyyar NEPU. Abin da ka shuka shi za ka girba.

Wani zai ce ai akwai manyan kamfanoni. Gaskiya ne, Zariya gida ce ta ɗab'i tun zamanin Rupert East da Abubakar Imam, ga Kamfanin Gaskiya na 1945, ga NNPC na 1966. Amma babban kamfani yana duba abin da zai shiga manhajar makarantu ya sayar da dubbai. Tarihin gunduma ɗaya ba zai ja hankalinsa ba. Ku dubi Mahmud Modibbo Tukur, wanda ya rasu a 1988. Babban bincikensa a kan yadda Turawa suka ci Arewa bai fito a littafi ba sai 2016, kuma wata ƙaramar maɗaba'a ce mai zaman kanta a Dakar ta ƙasar Senegal, mai suna Amalion, ta buga shi. Shekara 28 ke nan bayan rasuwarsa.

Yanzu bari mu dawo gida. Ƙasarmu ba ta rasa tarihi ba. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan da aka kora suka kafu a Maraɗi, yankinmu ya zama bakin daga na shekaru masu yawa. Ruma ta yi suna wajen tsaron iyaka, kuma sunan jarumi Ɗanwaire har yau yana bakin mutane. Sarautar Sarkin Ruma tana Batsari, ta Yariman Katsina tana Safana. Ga Dajin Rugu, ga Wagini, ga Runka, kowanne da labarinsa. Amma ɗanmu na aji uku zai iya ba ka tarihin Mungo Park, ya kasa gaya maka wanda ya kafa garinsu. Laifin namu ne, domin ba mu sa masa komai a hannu ba.

Kuma akwai sabon tarihi da ake yi a gabanmu. Harin da aka kai Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020 yana cikin jaridu, amma jarida adadi take bayarwa. Sunayen mutanen, da ƙauyukan da suka tashi, da inda mazaunansu suka koma, idan ba mu rubuta ba, nan da shekara 30 kowa zai faɗi abin da ya ga dama, kuma irin wannan ne ke raya gaba tsakanin Hausawa da Fulanin da suka daɗe suna zaman tare.

Saboda haka ina ba wannan ƙungiya shawara ta kafa ɗan sashen ɗab'i nata. Ma'aikatan da ake bukata duk suna cikin zauren nan. Muna bukatar malamin tarihi ɗaya da zai tsara tambayoyi ya tace abin da aka samo. Muna bukatar malamin Hausa da zai duba ƙa'idojin rubutu, da almajirin da ya iya karanta ajami. Muna bukatar matasa masu ɗaukar murya da waya, cikinsu har da 'yan'uwanmu mata, domin akwai labaran da tsohuwa ba za ta faɗa wa namiji ba. Sai mai buga rubutu a kwamfuta, da ma'aji mai amana wanda zai karanta mana lissafi a kowane taro.

Mu fara da kaɗan. Dattawa goma a shekarar farko, biyar daga Batsari, biyar daga Safana, manoma da makiyaya, malamai da maƙera. Mu rubuta sunan wanda ya faɗa, da rana, da wuri. Inda labarai biyu suka saɓa, mu kawo su duka, ko da ɗaya bai yi wa gidanmu daɗi ba. Mu buga da Hausa, a farashin da ɗalibi zai iya saye, mu ajiye kwafi a laburaren makarantarmu, mu aika wani Gidan Arewa. Kada kuma kowa ya jefa kansa cikin haɗari, da yawan dattawan suna nan cikin gari tare da mu.

Ni na yi alkawarin ɗaukar nauyin hira biyu na farko, kuma takarda tana wurin sakatare ga duk mai son sa sunansa kafin mu tashi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.